Shekarar da Na Yanka Jirgin Kakanku

Na san abin da kuka taso kuna ji. A sunan ɗan Maryam na ji shi da kunnena, wata tsohuwa daga bayan labule tana faɗa wa baƙuwa cewa ai dattijon nan shi ne ya sa zarto ya yanka jirgin surukinsa don kada matarsa ta yi tafiya. Ban tanka ba a ranar. Amma yanzu kakanku ya rasu, kakarku Inna ta rasu, mahaifiyarku ma ta bi su, kuma cikin waɗanda suka tsaya a bakin tekun Ruwais ta Jidda a safiyar nan ni kaɗai na rage. In na tafi da bakina a rufe, maganar tsohuwar nan ita za ku gada. Jirgin kam na yanka shi, wannan ba ƙarya ba ne. Sauran zancen nake so ku ji daga gare ni.

Kakanku Abbakar, wanda duk mutanen bakin teku ke kira Rayyis, wato shugaban jirgi, a Sawakin ta gaɓar Sudan aka haife shi. Iyayensa sun baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare musu a can, suka zauna har ajali ya same su. Suka bar shi da yayarsa, Goggo Hauwa, ita ce ta raine shi. Tun yana saurayi ya shiga teku, ya tsallako Jidda, ya yi shekaru yana kwaso alhazai da kaya daga manyan jiragen da ke tsayawa can nesa, saboda duwatsun ƙarƙashin ruwa ba sa barin su su matso. Da aka gyara tashar jirage har manyan suka fara isowa bakin gaɓa da kansu, wannan sana'a ta mutu. Abokansa wasu suka koma dako, wasu suka sa inji a jiragensu. Shi ya ƙi. Ya riƙe jirginsa Mabruka yadda yake, da dogon itacensa da farin ƙyallen da iska ke turawa, wanda muke kira shira'i. Yakan bi gaɓa da shi, yau kudu gobe arewa, ya dawo da busasshen kifi ko dabino. Inna takan ce ba kifi yake zuwa nema ba, surutun gida yake gudu.

Ni daga Bur Sudan na zo, da akwatin kayan aikina na sassaƙar jirage. Gyaran wutsiyar Mabruka ne ya fara haɗa mu. Ya tsaya a kaina wuni guda yana kallon aikin, da na gama ya shafa aikin da tafin hannunsa ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Bayan shekara biyu ya ba ni 'yarsa, ya kuma ba ni ɗaki a gidansa, ya ce ba zai bar ɗansa ya kama haya ba yana raye. Ɗana yake kira na tun daga ranar, ni kuma ina ce masa Baba. Gidan na katako ne da langa-langa, ba ya ɓoye muryar kowa. Da asuba tarin Baba ne ke tayar da mu, sai ƙarar turmin Inna, sai mahaifiyarku tana yi wa akuya faɗa rabi da Hausa rabi da Larabci. Ita mahaifiyarku ba a gidan ta girma ba. Goggo Hauwa ba ta taɓa haihuwa ba, don haka tun daga yaye Baba ya kai mata ita riƙo, sai da ta isa aure ya ɗauko ta. In ta ce «uwata» ba tare da ƙarin bayani ba, kowa a gidan ya san ba Inna take nufi ba, Inna ma ta sani kuma ba ta jin haushi.

A shekarar da nake ba ku labari, ke Maryam kina goye. Wani mutumin Sawakin da ya zo umra ya kawo saƙo cewa Goggo tana kwance, ƙafafunta sun kumbura, kuma ta ce a gaya wa ƙanenta da 'yarta su zo ta gan su. Mahaifiyarku ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya tun baƙon bai gama shan shayi ba. Na ce wa Baba ko za a nema musu jirgin hayaƙi. Ya yi dariya. Shi bai taɓa riƙe fasfo ba a rayuwarsa, haka mahaifiyarku ma, domin a zamanin da suka tsallako ba wanda ke tambaya, kuma neman takardun tafiya aikin watanni ne. Ya ce teku ba ta tambayarsa takarda. Kwana biyu ko uku ne in iska ta yi daɗi, kuma ya san wata 'yar gaɓa kusa da Sawakin inda yakan sauka tun yana yaro. Abin da ya rage kawai a fito da Mabruka tudu a kankare shi, a toshe tsagogi, a sauya 'yan katakan sama da suka ruɓe. Ya ba ni kwana huɗu.

Fito da jirgi tudu ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma a Ruwais ta wancan lokaci ba sai an roƙi kowa ba. Muka jira cikar ruwa da hantsi. Muka sauke dogon itacen da shira'in, muka kwashe duwatsun da ke cikinsa don ya yi sauƙi. Na jera gumagumai a kan yashi tun daga cikin ruwa, aka shafe su da kitse. Mutane suka kama igiya biyu, Hausawa da Yamanawa da 'yan gari, masunta da masu dako, har da limamin unguwa ya naɗe hannun riga. Baba na tsaye a cikin ruwa har gwiwa yana ba da umarni. In ya ce yalla sai a ja gaba ɗaya, jirgin ya yi ƙara kamar raƙumin da aka tayar, ya matso taku biyu, mu kuma mu ɗauke gungumen da ya bari a baya mu ruga mu ajiye a gaba. Kafin azahar ya hau tudu. Muka tokare shi da itatuwa hagu da dama, Inna ta aiko da shinkafa da kifi a manyan faranti, aka zauna a inuwarsa aka ci. Ban taɓa ganin Baba cikin fara'a irin ta ranar ba. Yana ta tsokanar liman cewa ya fi kyau da igiya a kan mumbari.

Kwana biyun farko aiki ya tafi daidai. Muka kankare gansakuka da ƙananan kumbunan da suka manne a cikinsa. Na cire katako shida a sama wajen gindin dogon itace, inda ruwa ke kwanciya, na sassaƙa sababbi na buga. Tsagogin kuma muka cusa musu auduga da mai. Abin da ya saura shi ne a shafe ƙasan da farar ƙasa da kitse, a mayar da shi ruwa. A rana ta uku na shiga ƙarƙashinsa da guduma, kamar yadda malamina ya koya mini, ina bugun katako ɗaya bayan ɗaya ina saurare. Itace mai lafiya yana amsa maka da murya mai kauri. Haka suka yi ta amsawa har na iso babban itacen da ke kwance a can ƙasa tun daga goshin jirgi har wutsiya, wanda dukkan haƙarƙarin jirgi ke dafe a kansa, mu muna ce masa hirabi. Daga gaba lafiya. Da na zo tsakiya, daidai inda nauyin dogon itace ke sauka, sai ya amsa mini kamar an bugi busasshiyar ƙwarya. Na kankare farar ƙasar shekarun baya, na ga 'yan ramuka kamar na allura. Na sa kurfi na danna da hannu ɗaya, ya shige har ƙota. Tsutsar teku ce. Kamar gara take, ta bar maka bayan itace sumul, ta cinye cikinsa. Na bi shi ina aunawa, ɓarnar ta kai kamu huɗu.

Na jira har mutane suka tafi sallar la'asar, na kira Baba shi kaɗai muka durƙusa a ƙarƙashin jirgin. Na nuna masa. Bai taɓa wurin ba, bai kuma yi mamaki ba, daga nan na gane ya daɗe da sani. Ya ce in samo katako biyu masu kauri in ɗaure wurin hagu da dama da dogayen ƙusoshi, mu shafe, in ya dawo sai a yi babban gyara. Na ce ƙusa ba ta kama abin da ba shi da ciki. Na ce a bakin gaɓa zai iya kai shekara a haka, amma a tsakiyar teku, in iskar arewa ta cika shira'i igiyar ruwa kuma ta ɗaga shi ta sake, nan zai karye, ba kuma zai ba kowa lokacin yin salati ba.

«Shekara arba'in ina tsallaka tekun nan, ɗana,» in ji shi. «Na san jirgina.»

«Baba, kun san teku, ni ban san ta ba. Amma itace ni na san shi. Wannan ya mutu.»

Sannan ya ce Hauwa ce ta goya shi ranar da aka binne uwarsu, ita ce ta sayar da awarwaronta ya shiga jirgi na farko, kuma a rayuwarta ba ta taɓa aiko masa cewa ya zo ba sai wannan karon. Ya ce in ba zan ɗaure ba ba komai, ba zai tilasta ni ba. Akwai wani masassaƙi a can kudancin gari, zai aika a kira shi gobe da hantsi. Na san mutumin. Ba mugu ba ne, amma abin da mai jirgi ya ce shi yake yi.

A gida na gaya wa mahaifiyarku komai. Na ce ko Baba zai tafi, ita da yarinya su zauna. Ta ce in uban da ya haife ta ya ce jirgi zai kai, zai kai, kuma ba za ta zauna a Jidda tana shanya kifi uwarta tana kiran sunanta ba. Ina da ikon in hana ta, a matsayina na mijinta. Amma da na hana ta, Baba zai tafi duk da haka, shi da ma'aikatansa biyu, kowannensu da iyali, kuma ba su san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba. Na je wa Inna. Ta ce ita shekara talatin ba ta taɓa juya shi daga teku ba, ba yau za ta fara ba, sai dai addu'a.

Washegari bayan rana ta fito na ɗauki babban zartona na tafi bakin teku. Mutane sun riga sun taru, masunta suna gyaran koma, wasu sun zo taya mu dama farar ƙasa. Baba na zaune a kan tabarmarsa da butar shayi. Na gaishe shi ya amsa. Na shiga ƙarƙashin Mabruka, na ƙara tokara biyu, na kafa zarto a tsakiyar hirabi na fara yanka. Da farko ba wanda ya gane. Da suka gane sai wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai zarton, shi ma ba ya wata ƙara saboda ba abin da yake ci. Itacen da ya kamata ya ɗauke ni rabin wuni, kafin shayi ya huce na yanka shi wuri biyu. Na ciro guntun, tsawonsa kamu ɗaya, na fito da shi na ajiye a gaban Baba. Cikinsa kamar saƙar zuma. Ɗaya daga cikin ma'aikatansa ya ɗauka ya matsa da yatsa, ya marmashe a hannunsa, ya ce innalillahi, ya kalli Baba. Wannan kallon shi ne abin da ban lissafa da shi ba. Duk wanda ke wurin ya gane a take cewa Rayyis ya sani, kuma ya yi niyyar ɗaukar mutane a haka.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kofinsa.

«Ka gama, Mu'allim?»

«Na gama, Baba.»

«To halas, shi ke nan. Ka kwashe kayan aikinka.»

Mu'allim shi ne abin da ake kiran kowane masassaƙin da aka ɗauko aiki. Bai taɓa kira na da shi ba sai ranar. Ya naɗe tabarmarsa da kansa, ya bi ta tsakiyar mutane ya tafi gida.

Bai kore ni daga gidan da baki ba, amma ba a zama da mutumin da ba ya kallon inda kake. Na kama ɗaki a bayan wani shagon katako. Mahaifiyarku ta biyo ni saboda aure, ta dafa, ta share, ta amsa in na yi tambaya, iyakarta ke nan. Na fara bin takardun tafiyarsu da kaina, ina barin aiki ina zuwa ina jira, ana ce mini in dawo. Na kuma shiga neman itacen da zai maye hirabin. Irin wannan itace ba ya tsiro a ƙasar nan, daga Indiya ake kawo shi, kuma mai tsawon da nake so sai an jira jiragen da ke zuwa in iska ta juya. Ina cikin wannan jira, kwana arba'in da 'yan kai bayan yankan, saƙo ya zo cewa Goggo Hauwa ta rasu. Wanda ya kawo labarin ya ce har kwanakinta na ƙarshe tana sa a fitar da gadonta ƙofar ɗaki, inda ake hango ruwa.

Na je zaman makoki na zauna cikin jama'a. Da na miƙa wa Baba hannu ya karɓa ya ce mini na gode, kamar yadda ya ce wa mai sayar da ƙanƙara na unguwa. Mahaifiyarku ba ta yi kuka a gabana ba. Sai bayan sadakar bakwai, tana tsefe wa Maryam kai, ta yi maganar ba tare da ta dube ni ba.

«Malam, ban ce ka yi ƙarya ba. Na ga itacen, Inna ta nuna mini. Amma da mun tafi, ko in gan ta ko in nutse, kuma ni na yarda da duka biyun. Kai ka zaɓa mini.»

Tsohuwar da ke cewa don matata na yi, ba duka ta yi ƙarya ba. Ina yankan nan fuskar mahaifiyarku nake gani da ɗan kanki, Maryam, yana leƙowa daga zane. Amma da ba ku cikin tafiyar ma da na yanka.

Itacen ya iso bayan wata biyar. Ban nemi izinin kowa ba, na koma bakin teku da kayan aikina, ina yi bayan na tashi daga aikin mutane. Mabruka na nan inda muka bar shi, rana ta buɗe tsagoginsa. Na ɗaga shi a kan tokara, na kwance tsohon hirabin gaba ɗaya, na sassaƙa sabon da gizago, na kafa haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan Baba biyu suka riƙa zuwa suna kama mini, ba su ce shi ya aiko su ba, ban tambaya ba. Wani lokaci in na ɗaga kai sai in hango shi can nesa wajen masu koma, ya juya mana baya, amma ba ya barin wurin sai mun tashi. Aikin ya ci wata biyu.

Ranar mayar da jirgi ruwa mutane suka sake taruwa, ko da yake ba raha irin ta farko. Na aika Inna ta gaya masa, ya zo. Ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙasansa, ya shafa sabon itacen tun daga goshi har wutsiya. Aka tura Mabruka ya sauka, ya zauna a kan ruwa daram, ko ɗigo bai sha ba. Muka ɗaga dogon itace, aka ɗaura shira'i. Kowa ya ja baya ya bar masa hanya ya hau. Na matsa kusa na ce masa takardun ma sun kusa fitowa, amma in ya fi son jirginsa, yanzu zai kai shi Sawakin ya dawo da shi sau ɗari, in kuma ya yarda ni ma zan bi shi, mu je ko kabarin ne mu yi addu'a.

Ya kalli yamma, inda teku ta haɗe da sama.

«In je in ga wa?» in ji shi.

Ya kira babban ma'aikacinsa ya ce daga yau shi ne rayyis, ya fita da jirgin kamun kifi, kada ya bar shi ya bushe. Shi kuwa bai sake taka jirgi ba har ya bar duniya. Muka tsaya tare muna kallon Mabruka ya bi ta tsakanin duwatsu ya fita. Da ya yi nisa sai Baba ya juya zai tafi, ya yi taku kaɗan ya tsaya, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, wai Inna ta ce ɗakin nan namu ɓeraye sun fara shiga, gara mu dawo.

Muka dawo. Shekara goma sha ɗaya muka ƙara tare a gidan, a nan aka haifi sauranku. A hankali ya koma ce mini ɗana, ban san ranar da ya fara ba. Mahaifiyarku ma ta sake, muka yi zaman da kuka gani da idonku. Amma maganar jirgi bai taɓa tayar da ita ba, ni ma na ga kamar shirun ya fi, na bar ta. A nan na yi kuskurena na biyu. Na farkon shi ne taron. Da na je tun kafin mutane su fito na yanka, na kai masa guntun cikin ɗakinsa, da jirgin ya tsaya duk ɗaya, kuma da ba wanda ya kalle shi irin kallon nan. Ina da shekara talatin, ina da gaskiya a hannuna, na so a gani. Yankan ban taɓa nadamarsa ba. Tona shi a gaban mutane kuwa na yi ta shirin neman gafararsa, kullum ina cewa sai an sami lokaci, har ranar da na sa kafaɗata a ƙarƙashin makararsa.

Don haka in wani ya sake kawo muku zancen, kada ku tsaya kare ni, kada kuma ku bari a ce kakanku ya so ya hallaka mutane. Mutum ne da yayarsa ta kira shi sau ɗaya tak, ya tashi zai amsa da abin da yake da shi. Ni na tare hanyar. Ku sa shi cikin addu'a, shi da Goggo Hauwa, in kun gama ku roƙa mini abin da ban roƙa ba.